Sawun Mata a Hanyar Makka da Madina

Mun bar Zariya bayan sallar asuba cikin watan Rajab na shekarar 1446, wanda ya yi daidai da Janairun 2025, mu uku: ni da yayana da goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta haura shekara 70 kuma ba ta taɓa taka jirgin sama ba. Hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe hanyar Kano, har direbanmu bai kashe fitila ba sai da muka wuce Kwanar Dangora. Sau huɗu aka tsayar da mu a shingen hanya, kowane shinge da tambayoyinsa, amma duk da haka mun isa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da sauran lokaci. Hazon nan ne kuma ya hana jirginmu tashi har kusan awa shida, kuma a wannan zaman jira ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya soma.

Wajen shekara guda kafin tafiyar, 'yata ta saka mini a waya wani shirin sauti na Hausa, irin wanda ake saukewa daga intanet a saurara sa'ad da aka samu sarari, wanda yaran yanzu suke kira fodkas. Mata biyu ne suke gabatar da shi, kowane kashi kuma mace ɗaya suke ɗauka daga cikin matan da suka yi abin a zo a gani a tarihi, su yi wajen rabin awa suna warware rayuwarta. Ni malamar firamare ce, da daddare kuma ina karantar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu, don haka da na fara sauraro na kasa kunne ne in ji inda za su yi tuntuɓe. Abin da na tarar shi ne amana. Da suka zo kan Sarauniya Amina, wadda mu Zazzagawa muke tinƙaho da ita, ba su yi mana daɗin baki ba: sun rarrabe abin da ya zo a rubuce da abin da ya zo daga bakin kaka da kakanni, suka kuma faɗa a fili cewa masana sun yi saɓani a kan ƙarnin da ta rayu. Da suka zo kan Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, ba su tsaya ga kirari ba, sun bi ɗauri da dukan da ta sha a gwagwarmayar NEPU da fafutukar a bai wa matan Arewa damar jefa ƙuri'a. Kafin mu taso na sauke duk abin da suka yi a kan matan Makka da Madina, domin na san kuɗin data a can ba na wasa ba ne.

Goggo ta ga na toshe kunne, sai ta zungure ni ta ce, "Ke 'yar nan, ibada za mu je ko jin rediyo?" Ban yi mata musu ba, na zare abin kunne ɗaya na saka mata, na kunna kashin Nana Asma'u 'yar Shehu. Ta ji yadda aka haife ta a 1793 ta rasu a 1864, yadda ta yi waƙe da Larabci da Fillanci da Hausa, da yadda ta riƙa naɗa jaji, ta ba kowacce malfa, su shiga ƙauyuka su tara mata suna koya musu addini ta hanyar waƙa. Goggo ta yi shiru har kashin ya ƙare, sannan ta ce ita ma a bakin kakarta ta fara jin siffofin Allah da farillan alwala cikin waƙa, tun ba ta san baƙi ba, kuma ba ta taɓa tambayar daga ina irin wannan karatu ya fito ba. Daga wannan rana abin kunnen nan ya zama namu mu biyu.

Tafiyar jirgi ta ɗauki kusan awa biyar, mun ɗaura niyya da aka sanar da mikati, muka sauka Jidda cikin dare. A wurin duba fasfo 'yan mata ne sanye da kayan aiki suka ɗauki hoton yatsunmu, abin da ya ba Goggo mamaki ƙwarai, domin labarin da ta saba ji shi ne mace ba ta aikin hukuma a ƙasar. Mun canza kuɗi, riyal ɗaya ya haura naira 400, kuma tun daga nan duk abin da za mu saya sai Yaya ya lissafa shi da naira ya girgiza kai. Mun ɗauki tasi zuwa Makka a kan riyal 250. Muna cikin shawara da Hausa ko kuɗin ya yi yawa, sai direban, wani saurayi mai farar jallabiya, ya juyo ya ce, "Hajiya, ku shiga kawai, ba zan cuce ku ba, ai ni ma ɗanku ne." A Makka aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, bai taɓa ganin Najeriya ba, amma Hausarsa garau take sai ɗan ɗanɗanon Larabci a ƙarshen kalma. Ya ce irinsu da yawa suna amsa sunan Hausawi a takardunsu, kamar yadda wasu suke amsa Barnawi ko Fallata.

Tsakanin Jidda da Makka wajen kilomita 80 ne, titi shimfiɗe da fitilu har ƙarshe. Shinge ɗaya muka tarar, na Shumaisi, inda alluna suke nuna cewa daga nan sai Musulmi, wanda ba Musulmi ba kuwa ga hanyarsa ta ratse. Jami'in ya leƙo, ya dube mu, ya ɗaga hannu muka wuce. Direban ya ce Hudaibiyya a wannan yanki take, sai na tuna da kashin Ummu Salama, matar Manzon Allah (SAW). A shekara ta 6 bayan hijira, da aka ƙulla sulhu aka hana Musulmi shiga Makka, Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai su soke hadayarsu su yi aski, baƙin ciki ya hana kowa motsi. Ita ce ta ba shi shawara ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya soke tasa ya kira wanzami, kuma da ya yi haka kowa ya tashi ya bi. Na sha karanta wannan ƙissa, amma ban taɓa tsayawa na lura cewa bakin mace ne ya warware ƙullin wannan rana ba sai da matan nan biyu suka tsaya a kai. Na ba da labarin a cikin mota, direban ya ce kullum yana bin hanyar amma bai taɓa jin wannan ɓangaren ba.

Masaukinmu yana can ƙasan titin Ibrahim Khalil wajen Misfala, ɗaki mai gado uku a kan riyal 180 kowane dare, tafiyar minti 20 zuwa Harami ga mai ƙafa, ga Goggo kuwa ninki biyu. Mun ajiye kaya muka wuce umra kafin asuba. Ba zan iya siffanta ganin Ka'aba na farko ba, kuma ba shi ne maƙasudin wannan rubutu ba. Yaya ya tura Goggo a keken guragu muka yi ɗawafi, amma da muka iso Safa sai ta ce a tsaya. Ta ce ta ji a shirin nan cewa Nana Hajara ita kaɗai ce a kwarin, ba inuwa ba ruwa, ga jariri yana shure-shure don ƙishirwa, kuma da Annabi Ibrahim (AS) ya tabbatar mata cewa umarnin Allah ne sai ta ce, to ba zai tozarta su ba. Goggo ta ce mace mai jego ta yi wannan kai-komo a kan duwatsu cikin rana, ita kuwa ga marmara ga sanyin na'ura, kunya ba za ta bar ta a tura ta ba. Ta taka zagaye bakwai ɗin nan da ƙafarta, wajen kilomita 3, tana hutawa tana tashi, muka kwashe fiye da awa biyu. Duk sanda muka zo tsakanin korayen fitilu maza suka fara sassarfa, sai in dubi manyan mutane, masu furfura da masu ƙarfi, daga kowace ƙasa ta duniya, suna gudu a daidai inda wata uwa ta yi gudu saboda ɗanta, kuma umrar kowa ba ta cika sai ya bi sawunta.

Abinci bai ba mu wahala ba. Da safe gurasar tamis mai zafi da dafaffen wake da suke kira ful, da rana shinkafar bukhari da rabin kaza a kan riyal 20, wadda take isar mutum biyu. Goggo dai kwana uku ta yi ta fara cigiyar tuwo.

Ranar da muka je maƙabartar Mu'alla a Hajun, Yaya ne ya shiga, mu mata muka tsaya daga waje muna hange ta tsakanin ƙarafan katanga. Babu kubba babu rubutu, duwatsu ne kawai a kan ƙasa. A nan Nana Khadija take, wadda ta rasu shekara uku kafin hijira. Shirin ya koya mini in dube ta a matsayin 'yar kasuwa mai ɗaukar maza aiki su kai mata haja Sham, wadda dukiyarta ta ƙare a hidimar addini. A ajinmu na dare akwai masu ƙuli-ƙuli da masu ɗinki da masu adashe, kuma na ƙudurta a wurin cewa ba zan ƙara karantar da su tarihinta in tsallake sana'arta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Makka shi ne ruwa. An kai mu ziyara a babbar mota zuwa Dutsen Saur da Arfa da Muzdalifa da Mina, mai yi mana bayani kuma ya yi ƙoƙari gwargwadon iyawarsa. Amma a Muzdalifa na hango wani tsohon gini na duwatsu yana bin gindin tsauni kamar doguwar katanga, yana lanƙwasa inda tsaunin ya lanƙwasa, na tambaye shi, ya ce tsohon gini ne kawai na mutanen da. Gabana ya faɗi, domin na gane abin da nake kallo. Washegari muka kira direbanmu na Jidda, ya mayar da mu a kan riyal 150, ya tsaya inda ake iya tsayawa muka matsa kusa. Wannan shi ne Ainu Zubaida, wato magudanar ruwan Zubaida. Zubaida 'yar Ja'afar, jikar Halifa Mansur, matar Haruna Rashid, ta zo aikin hajji daga Bagadaza ta tarar ƙishirwa tana cin alhazai, har masana tarihi suka ruwaito cewa ana sayar da salkar ruwa a kan dinari guda. Ta tara magina da masana ƙasa ta ce a jawo ruwa daga bayan duwatsu. Da wakilinta ya tsorata da yawan kuɗin da aikin zai ci, an ruwaito cewa ta ce masa ya yi, ko da kowane saran gatari zai ci dinari.

Yadda aka yi aikin shi ne abin mamakin. A Wadi Nu'uman, ta wajen hanyar Ɗa'ifa, ruwan sama da ya gangaro daga tsaunuka yana nutsewa ya kwanta a ƙarƙashin rairayi. Sai aka haƙa magudana a ƙarƙashin ƙasa ta tattaro shi, aka riƙa huda mata baki irin na rijiya a nan da can domin iska ta shiga kuma a iya sauka a yashe ta, inda ƙasa ta yi kwari kuma a ɗora ta bisa katangar dutse. Babu inji babu famfo, gangara ce kawai aka auna da ilimi har ruwa ya yi tafiyar wajen kilomita 30, ya zagaya Dutsen Rahama a Arfa, ya wuce Muzdalifa ya kusanci Mina. Ƙarnoni bayan haka, da magudanar ta lalace, wata 'yar Sarki Sulaiman na daular Turkawa ce ta ɗauki nauyin gyara ta da ƙarasa ta zuwa cikin gari, wato mace ta fara mace ta sabunta. Ruwan ya shayar da alhazai fiye da shekara 1,000, kafin Makka ta koma shan ruwan teku da ake tacewa a Shu'aiba. Zubaida ba ta tsaya a nan ba, domin hanyar alhazai daga Kufa ta Iraƙi zuwa Makka, mai tsawon wajen kilomita 1,400, an jera mata tafkunan gini da rijiyoyi da zangon hutawa, kuma har yau da sunanta ake kiranta. Ta rasu a shekara ta 216 bayan hijira, wato 831.

Na ɗora hannuna a kan duwatsun nan, sai unguwarmu ta faɗo mini. Na tuna da layin jarkoki a bakin rijiyar burtsatse tun kafin asuba, da 'yan matan ajina da suke zuwa makaranta a makare wuyansu a sage saboda tulu, da kuɗin da muke ba 'yan garuwa kowace safiya. Muna da mata masu hali waɗanda suke zuwa umra kowace shekara, kuma ba na ganin laifinsu, domin ɗakin Allah ba a gajiya da shi. Amma ina fatan kowacce daga cikinsu ta tsaya a gindin wannan katanga ko da minti biyar ne, a gaya mata wadda ta gina ta da dalilin ginawar.

Bayan la'asar ɗin wata rana muna zaune a Harami, na kunna mana kashin Karima 'yar Ahmad al-Marwaziyya, malamar da ban taɓa jin sunanta ba duk tsawon karatuna. Daga yankin birnin Marwa na ƙasar Khurasan, can gabas, ta fito ta zauna a Makka tana karantar da Sahihul Bukhari, ba ta yarda a ruwaito daga gare ta sai an gwada da ainihin kwafinta, kuma babban malamin nan Khaɗib na Bagadaza ya karance littafin a gabanta cikin kwana biyar. Ta rasu a shekara ta 463 bayan hijira tana da kusan shekara 100. Yaya, wanda ya yi shekaru yana zama a zauren karatun Bukhari, ya karɓi wayar ya sake sauraro shi kaɗai daga farko.

Cigiyar tuwon Goggo ce ta kai mu inda ban yi tsammani ba. Direbanmu ya ce kakarsa ta ce lallai ya kawo baƙin nan gida. Ya bi da mu ta wajen titin da ake kira Shara Mansur, inda aka rushe sassa da yawa na tsofaffin unguwanni ana gina sababbin tituna, muka shiga wani lungu mai hawa, ƙamshin daddawa da na tsire yana tashi. Ya ce Larabawan Makka ma suna cin tsiren nan, sire suke ce masa, kuma daga hannun Hausawa suka koya. Muka tarar da dattijuwa mai kimanin shekara 80 a kan darduma, kowa yana ce mata Hajja. Ta riƙe hannun Goggo ta ce, "Yaya mutanen gida? Yaya damina, ta yi albarka?" alhali ita ba ta taɓa ganin daminar ƙasar Hausa ba. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, Goggo ta ci har da neman ƙari.

Hajja ta ce iyayenta daga wani ƙauye na ƙasar Haɗeja suka taso da ƙafa da jaki guda. Suka bi ta Maiduguri da Fort Lami (Njamena ta yanzu) da Abeshe a ƙasar Chadi, suka shiga Sudan ta Junaina, suka wuce Fashir da Ubayyid, duk inda guzuri ya ƙare sai su tsaya su yi ƙodago damina ɗaya ko biyu. A gonakin audugar Jazira kusa da Wad Madani aka haife ta, a nan kuma mahaifinta ya rasu. Mutane suka ba mahaifiyarta shawara ta yi aure ta zauna kamar yadda dubban Hausawa suka zauna, ta ce niyyar da suka ɗauro ita da mijinta ba ta mutu tare da shi ba. Ta tsinci auduga, ta soya ƙosai, ta tara kuɗin jirgin ruwa, ta kwashi 'ya'ya uku zuwa Sawakin, suka ƙetare Bahar Maliya. Shekara 11 tsakanin fitarta daga gida da ganin Ka'aba. A Makka ta zama ungozoma, ta kuma buɗe karatun allo na 'yan mata a tsakar gidanta, kuma Hajja ta ce rabin dattawan lungun nan a hannunta suka faɗo duniya. Da na ambaci inda muka je jiya, sai ta yi murmushi ta ce ai yayanta da ruwan Zubaida ya ciyar da su: yakan je bazan, wato wurin ɗiban ruwa na unguwa, ya cika garwa biyu ya rataya a sanda ya kai gidajen masu hali, su a nan zaffa suke ce wa wannan ɗauka. Wato sana'ar 'yan garuwa ce sak, kuma ruwan da matar halifa ta jawo shi ne ya raya marayun bazawarar Haɗeja.

A gida mukan kira waɗannan mutane Takari, sau da yawa da sigar raini, alhali kalmar daga Takrur ta samo asali, sunan da Larabawa suka daɗe suna kiran mutanen yammacin Afirka da shi. Na ji nauyin wannan a zauren Hajja. Na nemi izininta in naɗi muryarta a waya, ta ce in naɗa, amma in bari ta gyara lulluɓinta tukuna.

Zuwa Madina jirgin ƙasa na Haramaini muka hau daga tashar Rusaifa, kuɗin kujera ya kusa riyal 200 kowannenmu. An buɗe layin a 2018, tsawonsa kilomita 450, kuma cikin kusan awa biyu da rabi muka isa, lokacin da a gida da ƙyar zai kai mu Kano daga Zariya idan hanya ta cushe. Madina ta tarbe mu da sanyi mai ratsa ƙashi, irin na Zariya a tsakiyar hunturu amma babu ƙura. Shiga Rauda sai da izini ta manhajar Nusuk, mata kuma da nasu lokaci. A cikin turereniyar shiga hannun Goggo ya kuɓuce daga nawa, na yi kusan awa guda ina nemanta hankalina a tashe, domin ba ta da waya ba ta kuma jin ko kalma ɗaya ta Larabci. Na same ta zaune a gindin ginshiƙi kusa da wata ma'aikaciyar masallaci mai niƙabi, wadda ta ba ta zamzam tana lallashinta da Hausa, ta ce mini, "Anti, kada ki ƙara sakin hannun Iya, nan wurin ba a wasa da shi." Ita ma haifaffiyar Madina ce.

Baƙi'a ma daga waje muka tsaya muka yi sallama ga Nana A'isha, wadda aka ruwaito hadisi 2,210 daga gare ta, da sauran iyayen muminai da suke kwance a can. A Uhudu, wajen kilomita 5 arewa da masallaci, mai bayani ya nuna mana tudun maharba 50 da kabarin Sayyidina Hamza da sauran shahidai kimanin 70, ya yi addu'a, aka ce a koma mota. A cikin motar na kasa haƙuri, na juya ga matan da ke bayana, waɗanda ayari ne daga Maraɗi da Damagaram, na ba su labarin Nusaiba 'yar Ka'ab. Ta fito ranar ne da salka don shayar da mayaƙa, da aka watse aka bar Manzon Allah (SAW) da mutane kaɗan sai ta ajiye salkar ta ɗauki takobi, ta samu rauni fiye da 10, ɗaya a kafaɗa wanda ta yi shekara tana jinya. Tana cikin mata biyu da suka yi mubaya'a a Aƙaba tare da maza 73, daga baya kuma ta rasa hannu a yaƙin Yamama. Na ƙara musu da Rufaida, wadda ta kafa tantin jinya a masallaci, inda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Wata dattijuwa daga cikinsu ta ce, "Malama, a wane littafi kika samo wannan?" Na ce yana cikin littattafan sira, amma wasu 'yan'uwanmu mata ne suka tono shi suka zuba mana a kunne da harshenmu. Kafin mu isa masallacin Kuba wayoyi bakwai na tura wa shirin.

Mun koma Jidda muka kwana ɗaya, muka zaga tsohon gari na Balad da gidajensa masu tagogin katako, muka wuce ta gefen maƙabartar da ake jingina wa Nana Hauwa'u. A hanyar filin jirgi direbanmu, wanda ya dage sai ya zo ya yi mana rakiya, ya ce ƙanwarsa tana son shiga jami'ar Iffat, mai ɗauke da sunan matar Sarki Faisal wadda ta buɗe makarantar 'yan mata ta Darul Hanan a garin a 1955, tun kafin gwamnati ta fara nata makarantun mata a 1960. Kowannenmu ya karɓi zamzam lita 5, muka yi sallama da shi, Goggo tana sa masa albarka har muka shige.

Kwana uku da dawowarmu na rubuta wa masu shirin saƙo. Na gode musu da sunana da sunan Goggo da na matan Maraɗi, na gaya musu cewa wurare da yawa da za mu wuce a matsayin duwatsu da katangu, su ne suka sa muka san na wane ne. Na kuma faɗa musu abin da nake ganin ya rage. Wani lokaci sauti yakan yi ƙasa har tsohuwa ba ta ji sosai, tazarar da ke tsakanin kashi da kashi kuma takan yi tsawo. Mafi girma daga wannan, kusan duk matan da suka kawo mana waɗanda sunansu ya riga ya shiga littafi ne, sarauniyoyi da matan halifofi da manyan malamai, alhali akwai irin mahaifiyar Hajja, waɗanda labarinsu yake a bakin tsofaffi kaɗai, tsofaffin kuma suna ta tafiya. Na haɗa musu da muryar Hajja ta minti 47, bisa izinin da ta bayar.

Ita Hajja abu ɗaya ta roƙa da za mu rabu. Ta faɗi sunan ƙauyen mahaifiyarta da sunan kakanta na wajen uwa, ta ce idan Allah ya sa akwai sauran dangi a gaya musu cewa wadda ta fita da jaki ta isa, ta yi hajji sau da yawa, kuma a Makka aka binne ta. Yaya ya rubuta sunayen a bayan takardar jirginsa, ya kuma yi magana da wani abokin aikinsa ɗan Haɗeja, sun sa ranar zuwa bayan ƙaramar salla. Goggo ta ce da ita za a je.